Abin da ke Cikin Duniya

In mai haƙar rijiya ya soma aiki, da fari ya kan sami baƙar ƙasa mai taushi, irin wadda manoma ke shuka a cikinta. In ya ƙara nutsawa sai ya tarad da jar ƙasa, ko marmara, ko yumɓu, ko rairayi. Can ƙasa sai ya cim ma ruwa, ko kuwa ya ci karo da dutsen da diga ba ta iya fasawa. Nan aikinsa ya ƙare, sai ya fito. Rijiya mai gaba ashirin, a kan ce da ita mai zurfi ce ƙwarai.

To, amma da a ce zai sami digar da ba ta dakushewa, ya yi ta haƙa bai tsaya ba, me zai tarar? Wannan tambaya ta daɗe tana damun masana. A shekarar 1692 wani babban masanin taurari na Ingila, Edmond Halley, ya ce a ganinsa cikin duniya holoƙo ne, kamar ƙore da aka kikkifa wani cikin wani. Waɗansu kuma suka ce wuta ce tsantsa ke ci a ciki. Duka biyu ba su dace ba. Har yau babu mahalukin da ya taɓa shiga can ya gano da idonsa, amma duk da haka an san abin da ke ciki, har an auna kaurin kowane sashi.

Iyakar inda mutum ya kai

Duniya dunƙulalliya ce kamar lemo. Daga inda ku ke zaune zuwa tsakiyarta kilomita 6,371 ne, watau wajen sau shida ke nan na tafiyar Kano zuwa Ikko. A cikin wannan nisa duka, ɗan kaɗan ne mutum ya taɓa.

Ramin da mutane ke shiga da kansu wanda ya fi kowane zurfi yana Afirka ta Kudu, a wata mahaƙar zinariya da a ke kira Mponeng. Zurfinta wajen kilomita 4 ne. A can ƙasa dutsen yana da zafi har digiri 60 da ɗoriya. Don ku gane wannan awo, ku tuna ruwa yana tafasa a digiri 100 ne, zafin tsakar rana kuwa da bazara a Sakkwato ya kan ɗara 40. Saboda haka sai an yi ta aika ƙanƙara da iska mai sanyi cikin ramin kafin ma'aikata su iya zama.

A arewacin Rasha kuwa, a wani wuri mai suna Kola, masana suka soma huda ƙasa da inji a shekarar 1970, ba don neman zinariya ko mai ba, sai don su ga abin da ke ciki. Faɗin ramin bai wuce na faranti ba. Suka yi ta fama shekara goma sha tara, a 1989 suka kai mita 12,262. A nan zafi ya kai wajen digiri 180, dutsen ya yi laushi har ya kan nemi rufe ramin in an zaro ƙarfen huda. Tilas daga baya aka haƙura. Kilomita goma sha biyu cikin dubu shida da ɗoriya, ai kamar cizon sauro ne a jikin giwa.

Nauyin duniya

Abu na fari da ya tona asirin cikin duniya shi ne nauyinta. In aka ba ɗan dako buhu aka ce masa auduga ce, ya sunkuya ya kasa ɗagawa, ba sai ya kwance bakin buhun ba, ya san an ɓoye wani abu mai nauyi a ciki.

Kowane abu yana jawo ɗan'uwansa gwargwadon nauyinsa, shi ya sa in kun jefa dutse sama sai duniya ta jawo shi ya faɗo. A shekarar 1798 wani masani na Ingila, Henry Cavendish, ya auna ɗan ƙarfin da manyan dunƙulen darma ke jawo ƙanana da shi, ya gwada shi da ƙarfin jan duniya. Ta haka aka gane duniya ta fi ruwa mai girmanta nauyi wajen sau biyar da rabi. Amma duwatsun da ke bisa ƙasa, yawancinsu ba su kai sau uku ba. Ashe ke nan akwai wani abu a can ciki wanda ya fi dutse nauyi nesa ba kusa ba.

Sauraron girgizar ƙasa

Mace in ta je kasuwa sayen tukunya, ta kan ƙwanƙwasa ta da yatsa ta kasa kunne. Daga ƙarar za ta san ko tukunyar lafiya lau ta ke, ko kuwa da tsaga a ɓoye. Mai sayen kankana ma haka ya ke yi. To, duniya ta fi ƙarfin a ƙwanƙwasa ta da yatsa, amma ita kan ƙwanƙwasa kanta. Duk sa'ad da aka yi babbar girgizar ƙasa, motsin ya kan bazu ta ko'ina, kamar yadda ruwan kududdufi ke yi in an jefa tsakuwa. Ya kan bi ta bisa ƙasa, ya kuma ratsa ta ciki, har ya ɓullo a ɗaya gefen duniya cikin minti ashirin ko kusa da haka. Mutanen can ba su jinsa, amma akwai na'urori a ƙasashe da yawa waɗanda ke rubuta shi, da daidai lokacin da ya iso.

Motsin da ke ratsa cikin ƙasa iri biyu ne. Na fari shi ne mai turi. In yara suka yi layi, na baya ya tura na gabansa, turin zai bi layin har ya kai na farko. Irin wannan motsi ya fi sauri, yana kuwa ratsa dutse, ya ratsa ruwa. Na biyu shi ne mai karkaɗa. In kun ɗaure igiya a gindin itace kuka karkaɗa bakinta, za ku ga motsin yana tafiya kamar maciji. Wannan sai cikin abu mai tauri ya ke tafiya. Ba ya ratsa ruwa, gama ruwa ba shi da taurin da zai riƙe ɗan'uwansa ya karkaɗa shi.

A shekarar 1906 Richard Oldham, mutumin Ingila, ya lura motsin da ya bi ta tsakiyar duniya ya kan makara, bai isa ɗaya gefen a lokacin da ya kamata ba. Ya ce lalle akwai wani abu dabam a tsakiya wanda ke rage masa sauri.

A 1909 aka yi girgiza kusa da birnin Zagreb na ƙasar Kuroshiya. Wani masani na wurin, Andrija Mohorovicic, ya tattara takardun na'urori ya duba. Sai ya ga a garuruwa masu nisa motsi iri ɗaya ya iso sau biyu, wanda ya nutsa ƙasa kuwa shi ya riga wanda ya biyo ta sama. Kamar mutum biyu ne za su gari guda, ɗaya ya yanke ta turba mai rairayi, ɗaya ya zaga ta titi mai kwalta, na titi ya riga isa. Daga nan ya gane a ƙarƙashin duwatsun sama akwai wani irin dutse mai tauri da nauyi, inda motsi ke ƙara sauri. Har yanzu iyakar da ke tsakanin duwatsun nan biyu da sunansa a ke kiranta, a taƙaice a ce Moho.

A 1914 Beno Gutenberg, Bajamushe, ya lissafa cewa abin nan na tsakiya yana somawa ne daga zurfin kilomita 2,900. Motsi mai karkaɗa kuwa in ya kai nan sai ya tsaya cik. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka tabbata abin narkakke ne, kamar yadda Harold Jeffreys ya nuna a 1926.

Sai kuma wata mace, Inge Lehmann, mutuniyar Danmak. Ta zauna ta yi ta nazarin takardun wata girgiza da aka yi a Niyu Zilan a 1929. Ta ga wani ɗan motsi mai rauni ya ɓullo a wuraren da bai kamata a same shi ba, sai ka ce ya bugi wani abu ne ya karkato. A 1936 ta bayyana cewa a cikin narkakken nan akwai wani dunƙule kuma. Aka bincika daga baya, aka tarar gaskiyarta.

Da wannan aka san duniya hawa hawa ta ke kamar mangwaro: akwai ɓawo, akwai tsoka, akwai ƙwallo. Ƙwallon kuma kashi biyu ne, na waje da na ciki. Yanzu ku ɗauka an yi hanya miƙaƙƙiya zuwa tsakiyar duniya, kun shiga mota mai cin kilomita 50 a awa, ba ta tsayawa dare da rana.

Ɓawo

Bayan minti goma sha biyar kun wuce ƙarshen ramin Kola. Kafin awa guda ta cika kun fita daga ɓawon duniya ɗungum, gama a ƙarƙashin yawancin ƙasashe kaurinsa wajen kilomita 35 ne. A ƙarƙashin teku bai wuce 5 zuwa 10 ba, a ƙarƙashin manyan duwatsun Himalaya kuwa ya kan kai 70. Da za a matse duniya ta koma kamar ƙwan kaza, da ɓawonta bai kai kaurin ɓawon ƙwan ba. Amma bisa wannan ɗan ɓawo ne dukan gonaki da birane da koguna su ke, a cikinsa kuma a ke samun ruwan rijiya, da kuza, da gawayin ƙasa, da man fetur.

Ƙasar noma shimfiɗa ce kawai a sama, ƙarƙashinta dutse ne ko'ina. Ɓawon tudu yawanci irin dutsen nan ne mai ɗigo ɗigo, kamar na Kufena a Zariya, ko na Kwatarkwashi. Na ƙarƙashin teku baƙi ne, ya kuma fi nauyi. In aka rarrabe abubuwan da suka haɗu suka zama duwatsun ɓawo, kusan rabin nauyinsu oksijin ne, watau abin nan na cikin iska da ke raya mai numfashi, sai dai a nan ya haɗe da waɗansu abubuwa ya zama dutse. Fiye da rubu'i kuma silikon ne, wanda ke cikin rairayin da a ke yin gilashi da shi. Sa'an nan alminiyam, wanda a ke ƙera tukwane da shi, sa'an nan baƙin ƙarfe.

Tsoka

Daga nan kun shiga tsokar duniya, za ku kuwa yi kwana biyu da awa goma kuna tafiya a cikinta. Ita ce mafi girma, gama in an kasa jikin duniya kashi 100, wajen kashi 84 nata ne. Dutse ce mai nauyi, mai yawan ƙarfe da wani ma'adini da a ke kira magniziyam. A samanta zafi ya kan kai digiri 1,000, can ƙasa kuwa ya ɗara 3,000.

Mutane da yawa suna tsammani tsokar nan narkakkiya ce. Ba haka ba ne, gama motsi mai karkaɗa yana ratsa ta. Dutse ce sandararriya, amma zafi ya sa tana miƙewa. Ku dubi ƙarfe a maƙera. In ya yi ja wur bai narke ba, ba a iya zuba shi a kasko, amma maƙeri na lanƙwasa shi yadda ya ga dama. Haka tsokar duniya ta ke. Wadda ta fi zafi a ƙasa tana tasowa, wadda ta huce a sama tana nutsewa, kamar kunu a tukunya bisa wuta. Sai dai tafiyar tata a hankali ce ƙwarai, 'yan santimita kaɗan a shekara, kamar tohon farce.

Wannan 'yar tafiya ba abin rainawa ba ce. Ɓawon duniya, tare da saman tsokar, ba a haɗe ya ke gaba ɗaya ba. Ya yi kama da ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke ta, akwai manyan sakaina bakwai da ƙanana da dama, kowace kuwa tana motsi. In kun dubi taswira za ku ga gaɓar Birazil ta yi daidai da lungun tekun da ke kudancin Nijeriya. Da can a haɗe su ke. Fiye da shekara miliyan 100 ke nan da suka rabu, har yau kuwa tekun da ke tsakaninsu yana ƙara faɗi.

A bakin ɗinkin nan, inda sakaina ke gugar juna, a nan a kan yi manyan girgizar ƙasa. Wadda aka yi a Turkiyya da Siriya a watan Fabrairu na 2023 ta kashe mutum fiye da 50,000. Nijeriya da Nijar suna can tsakiyar sakainar Afirka, nesa da ɗinki, shi ya sa ba a saba da babbar girgiza a cikinsu ba, ko da ya ke a kan ji ƙanana jifa jifa, kamar wadda aka ji a Abuja a 2018.

A waɗansu wurare ɗan sashin tsokar ya kan narke, ya nemi tsaga ya hauro sama. Shi ne abin da duwatsu masu aman wuta ke fitarwa. Dutsen Kamaru ya yi amai a 1999, ya sake a 2000. A ƙasar Biu da tudun Jos akwai irinsu waɗanda suka daɗe da mutuwa. Ko wanda ya yi shiru ma ba a sakankance da shi. Tafkin Nyos na Kamaru a bakin irin wannan dutse ya ke. Wata iska mai shaƙe numfashi ta yi ta tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa tana taruwa a gindin ruwan. Daren 21 ga Agusta 1986 ta ɓalle gaba ɗaya, ta kwarara cikin ƙauyuka, ta hallaka mutum fiye da 1,700 da dabbobi dubbai. Da masana suka gane sanadin, sai aka kafa bututu cikin tafkin don iskar ta riƙa fita kaɗan kaɗan.

Ƙwallon waje

A zurfin kilomita 2,900 dutse ya ƙare. Daga nan sai tekun narkakken ƙarfe, gauraye da wani ƙarfe mai suna nikel, kaurinsa wajen kilomita 2,200. Motarku za ta yi kusan kwana biyu kafin ta ƙetare. Zafinsa ya ɗara digiri 4,000, alhali kuwa a bisa ƙasa ƙarfe na narkewa a 1,500 da 'yan kai.

Me ya sa aka ce ƙarfe ne? Nauyinsa da yadda motsi ke tafiya a cikinsa sun dace da ƙarfe. Har wa yau akwai wata shaida daga sama. Duwatsun da kan faɗo daga sararin samaniya ɓaraguzai ne na abin da aka yi duniyoyi da shi, waɗansunsu kuwa ƙarfe ne da nikel. Akwai wani a Hoba, cikin Namibiya, mai nauyin wajen tan 60. In aka haɗa duniya duka, kusan sulusin nauyinta baƙin ƙarfe ne, mafi yawansa kuwa yana ƙwallo. Ga abin da aka ɓoye cikin buhun auduga.

Narkakken ƙarfen nan ba a tsaye ya ke ba, kullum yana juyawa. Juyawarsa ce ta mai da duniya kamar wani ƙaton maganaɗisu. Shi ya sa allurar kamfas ke nuna arewa, matuƙan jiragen ruwa da matafiya cikin hamada su sami hanya. Ƙarfin maganaɗisun nan kuma ya kai can sama, yana kare duniya daga waɗansu ƙananan abubuwa masu cutarwa da rana ke fesowa.

Ƙwallon ciki

A zurfin kilomita 5,150 kun iso dunƙulen da Inge Lehmann ta gano. Daga gefensa zuwa tsakiya wajen kilomita 1,220 ne, tafiyar kwana guda. Zafinsa ya ɗara digiri 5,000, kusan daidai da na fuskar rana. Amma abin mamaki, nan ƙarfen sandararre ne. Dalili kuwa shi ne nauyin duniya duka yana danne shi ta kowane gefe. Dannin ya fi na iskar da ke kanku sau miliyan uku da ɗoriya, ya matse ƙarfen har ba shi da wurin da zai saki jiki ya narke. In kun kai tsakiyarsa, kun yi kwana biyar da awa bakwai a hanya.

Inda zafin ya fito

Zafin nan ba daga rana ya ke ba, gama zafin rana bai nutsa ƙasa da nisa. Asalinsa biyu ne. Wani ragowar zafin da duniya ta samu ne tun farkonta, wajen shekara miliyan 4,500 da suka wuce. A sa'an nan ta yi zafi har ta narke, ƙarfe mai nauyi ya nutse tsakiya, duwatsu marasa nauyi suka taso sama, kamar yadda tsakuwa ke kwantawa a gindin ƙwarya in ana rege. Wani zafin kuma daga ma'adinai ne irin su yuraniyom, wanda a ke haƙowa a Arlit ta Nijar, waɗanda ke fid da zafi da kansu sannu sannu. Duniya tana hucewa, amma a hankali ƙwarai, ƙwallon ciki kuwa yana ƙara girma kaɗan kaɗan yayin da narkakken ƙarfe ke daskarewa a jikinsa.

Duk wannan sani ba da diga aka same shi ba. An same shi ne da awo, da lissafi, da haƙurin mutanen da suka lura da ɗan abin da bai yi daidai ba, suka ƙi wuce shi sai sun san dalili. Saboda aikinsu ne yanzu aka san wuraren da girgiza ta fi aukuwa, a gina gidajen da za su jure mata, a kuma sa ido kan duwatsu masu aman wuta don a kwashe mutane tun da wuri.

Tambayoyi

1. Mene ne zurfin ramin Kola, me kuma ya hana a ci gaba da huda shi?
2. Yaya nauyin duniya ya nuna cikinta ba holoƙo ba ne?
3. Faɗi bambancin motsi mai turi da motsi mai karkaɗa.
4. Me ya sa ƙwallon ciki bai narke ba, alhali ya fi na waje zafi?
5. Don me ba a cika yin babbar girgizar ƙasa a Nijeriya da Nijar ba?
6. Zana da'ira a littafinka, ka raba ta hawa huɗu, ka rubuta sunan kowane hawa da zurfin da ya ke somawa.